Yadda Aka Yi Na Zama Malam Dalin

Na san kun sha jin dattijan Gyadi-Gyadi suna kirana Malam Dalin, na kuma san kun sha jin labarai a kan inda sunan ya fito. Akwai masu cewa wata Baturiya ce ta laƙaba mini shi a Nasarawa lokacin da nake yi mata ɗinki. Akwai masu cewa a gidan rawa na Sabon Gari na samo shi. Ban taɓa yi wa Baturiya ɗinki ba, ƙafata kuma ba ta taɓa taka gidan rawa ba. Mahaifiyarku ce, Allah ya jiƙanta, ta hana ni ba ku labarin tana raye, ta ce ba za ta iya haɗa ido da ku ba in kuka ji. Yanzu ba ta nan, ni kuma idona ya fara gajiya, gara ku ji daga bakina.

A shekarun nan na alif ɗari tara da hamsin Gyadi-Gyadi ba wannan da kuka sani ba ce. 'Yan gidajen ƙasa ne a gefen hanyar Zariya, bayansu gonaki iya ganinka. In damina ta kankama, mai bin hanyar ƙafa zuwa Tarauni gero da dawa suke rufe shi ta kowane gefe, sai ka ji tarin mai jaki kafin ka gan shi. Ni tela ne, da keken ɗinkina na ƙafa a zauren gidanmu. Mahaifina ya rasu, gidan daga ni sai Inna sai amaryata Zulai, wato mahaifiyarku, 'yar Malam Hamza na Tarauni. Ni na gan ta na ce ina so, ita ma da aka tambaye ta sai ta ja mayafi ta rufe fuska tana dariya. Ina son ta irin son da in ta wuce ta tsakar gida sai ɗinkina ya karkace. Amma ban taɓa faɗa mata ba. A gidajenmu ba a faɗa. Ka kawo cefane, ka ɗinka mata zane, ka tsokane ta a kan gishirin miya, ita kuma ta gane. Haka muka ga iyayenmu suna yi.

Katanga ɗaya ta raba mu da gidan da wani mutumin Kudu ya kama haya, Mista Daniyel, makaniken manyan motocin da ke ɗauko gyaɗa. 'Yan'uwansa duk a Sabon Gari suke, shi kuwa ya ce can ya yi masa nisa da gareji. Kirista ne, shi da matarsa da kowa ke kira Madam. Sun daɗe a Arewa, Hausa ta zauna a bakinsu, sai dai Madam ba ta koyi kewaye-kewayenmu ba, abin da ke ranta shi ne a bakinta. Mista Daniyel yana da waɗansu 'yan ƙananan littattafai na Turanci da ake sayarwa a kasuwannin garinsu, duk labaran soyayya. In ya taso aiki da la'asar sai ya zauna a bencin zaurena, hannunsa duk baƙin mai, yana karantawa yana juya mini da Hausa, ni ina taka keke. Ni kuwa da ma tun ina yaro Inna ke cewa in an aike ni rijiya sai in tsaya kallon gajimare a cikin ruwa. Labaran nan suka shige ni. Shi ya sa da kuka girma kuna ɓoye littattafan soyayyarku a ƙarƙashin katifa, ni nake ɗaukewa in karanta in mayar muku.

A cikin littattafan akwai wata kalma da saurayi ke faɗa in ya durƙusa a gaban budurwa yana hawaye. Ku da kuka yi boko kun san ta, darling. Mu dai dalin muka ji, dalin muke cewa. Abin da ya ɗaure mini kai, ta kan katanga ma muna jin ta, amma ba da hawaye ba. Wata safiya ni da Zulai muna tsakar gida muka ji Madam ta ɗaga murya.

"Dalin! Ka sake ɗora wannan takalmin naka mai baƙin mai a kan tabarmata?"

"Yi haƙuri, dalin, yanzu zan ɗauke."

Zulai ta toshe baki da gefen zane tana dariya, ta ce da ni a hankali, "To su biyun suna ɗaya aka raɗa musu?"

Da la'asar na tambayi Mista Daniyel. Ya yi dariya har littafin ya faɗi.

"Ba suna ba ne, Malam Inuwa. Abin da kake kiran wanda ke cikin ranka ne. Miji ya ce wa mata, mata ta ce wa miji, uwa ta ce wa ɗanta in ya faɗi ya kuje gwiwa. Na taɓa jin wata tsohuwar Baturiya tana faɗa wa karenta."

"Kare?"

"Wallahi kare. Amma kada ka kuskura ka faɗa wa maigidanka a wurin aiki, ko matar wani. Ranar za ka kwana da kumburarren ido."

"To ai ni na ɗauka sai an durƙusa ake faɗinta."

Madam ta shigo zauren da yadin da za a ɗinka mata, ta ji ƙarshen maganar.

"Wannan na littafi ne, Tela," in ji ta. "Wa yake da lokacin durƙuso? Kalmar kullum ce. Ina faɗa masa yana cin shinkafa, ina faɗa masa ina jin haushinsa. In na yi masa faɗa na sa ta a gaba, ya san faɗan zai wuce, ni ina nan."

Na koma gida na ba Zulai labari duka, har da na karen. Ta ce lallai mutanen nan ba su da kunya. Amma daga ranar, duk lokacin da kalmar ta tsallako katanga, sai mu kalli juna ta gefen ido, ita ta sunkuyar da kai.

Da cikinta na fari ya tsufa, aka zo aka tafi da ita gidan iyayenta a Tarauni goyon ciki, kamar yadda ake yi. Ta haifi namiji, aka yi suna. Kun san al'adar ɗan fari, ko da yake ku ba ku riske ta da ƙarfinta ba: uba ba ya ɗaukarsa a gaban mutane, ba ya kiran sunansa, ba ya nuna ya damu da shi. Sau ɗaya aka miƙo mini shi a zaure, na leƙa fuskarsa na kau da kai kamar ɗan wani ne. Na dawo gida na ɗinka masa 'yar riga da ragowar farin yadi, na ɓoye a akwatin keke, ina jiran ranar da za su dawo. Ba su yi arba'in ba zazzaɓi ya kama shi, Allah ya karɓi abinsa. Eh, kuna da yaya da ba ku taɓa jin labarinsa ba.

Na je Tarauni na zauna a zauren Malam Hamza tare da masu ta'aziyya. Ba a shiga da ni ciki ba, ni ma ban nema ba, suruki ba ya kutsawa cikin gidan surukai. Da aka yi mini gaisuwa na ce, "Allah ya sa mai ceto ne," murya a daidai, ido a bushe. Dattijai suka yaba, suka ce yaron nan yana da tawakkali. Na dawo ta cikin gonaki, ban bari na yi kuka ba sai da na ja ƙyauren zaurena.

Arba'in ya zo ya wuce, ba a dawo da Zulai ba. Gero ya yi kai, ya nuna, ba ta dawo ba. Inna ta aika wata gwaggona biko, ta dawo ta ce yarinya ba ta ce an yi mata laifi ba, ba ta kuma ce za ta dawo ba, zaune kawai take. Ni kuwa gidan ya yi mini faɗi. Turminta na nan jingine inda ta bar shi. Mista Daniyel ya daina kawo littattafansa, sai ya zo ya zauna kawai. Madam ce ta gaji. Wata rana ta ɗaura ɗankwali ta bi hanyar Tarauni da ƙafa, da yake ita mace ce ta shiga har ɗaki. Da ta dawo ko ruwa ba ta sha ba ta tsaya a kaina.

"Tela, tsayar da keken nan. Matarka ta ce ranar ta'aziyya tana jin muryarka daga ɗaki. Ta ce ka yi magana kamar ɗan maƙwabci ne ya mutu. Ta ce ita kaɗai ta haifa, ita kaɗai ta rasa, to me za ta dawo ta yi a ɗakin mutumin da bai rasa komai ba?"

"Madam, me zan ce? A zauren surukina, a gaban dattijai?"

"Ni ban san al'adarku ba. Na dai ga yarinyar, ta rame."

Ba a daɗe ba saƙon Malam Hamza ya iso: in zo da wani babba nawa, in zaman ba zai yiwu ba a rabu cikin mutunci. Na shiga wurin Inna, na tsuguna, na ce ina son in aka je in yi magana da bakina. Tana tsince wake, ba ta ɗago ba.

"Ka yi magana ka ce me? Kawunka Sale zai yi magana, kai ka sunkuyar da kai. Haka ake yi."

"Inna, ta ɗauka ban damu ba."

"Ɗan fari ne fa, Inuwa. Ni ma na binne nawa kafin a haife ka. Ubanka bai ce mini komai ba, na zauna. Kada ka je ka zubar mana da mutunci a Tarauni."

Muka tafi da hantsi, ni da Kawu Sale, ƙanin Inna. An fara yankan gero, hanya ta buɗe. Duk tafiyar ina shirya magana a raina irin ta samarin littafi, mai wata da taurari, in na kai ƙarshenta sai in ji ba za ta faɗu ba. Muka tuɓe takalma a ƙofa, na tsuguna a gefe can nesa da buzun Malam Hamza. Akwai dattijan unguwa biyu a zaune. Ƙofar da ke shiga cikin gida an saki asabari a kanta, a ƙarƙashin asabarin kuwa na hango ƙafafu, da sauran lalle da ya koɗe a yatsu. Ko a cikin ƙafafun matan Kano duka zan gane su.

Kawu ya yi magana mai kyau. Ya ce yaron nan bai rage ta da ci ba, bai rage ta da sutura ba, bai taɓa ɗaga mata hannu ba. Malam Hamza ya ce duk gaskiya ne, ita ma ba ta ce ba haka ba. Ya ce amma ya tambaye ta ya sake tambaya, ta ce zuciyarta ba ta kwanta ba, shi kuma ba zai tura 'yarsa inda zuciyarta ba ta kwanta ba. Kawu ya ce to Allah ya zaɓa abin da ya fi alheri. Ɗaya daga cikin dattijan ya ɗaga hannu zai shafa fatiha. Na ga ƙafafun nan sun juya za su koma ciki.

Na buɗe baki. Sunanta ba zai fito ba a gaban mahaifinta. Duk kalmar Hausa da na laluba sai in ji ta da nauyi, kowacce na san wanda zai ji kunyarta. Guda ɗaya ce ta zo mini da ba ta da wannan nauyin, wadda muka sha yi wa dariya ni da ita. Na dubi asabarin na ce, da ƙarfin da ban yi niyya ba:

"Dalin!"

Ƙafafun suka tsaya. Kawu ya juyo ya dube ni kamar na tashi da aljanu. Malam Hamza ya ajiye carbinsa a kan buzu.

"Me ka ce, yaro?"

"Turanci ne, Baba."

"A zaurena ba a yin maganar da ban sani ba. Fassara mini."

Kawu ya ce, "Malam, a yi masa haƙuri, yaro ne, zama da baƙi ne ya..."

"Sale, ba kai na tambaya ba."

Na ce, kaina a ƙasa, "Baba, abin da mutum ke kiran wanda ke cikin ransa ne."

"Ɗaga murya. Kunnena ba ya ji sosai."

Na ɗaga. Daga nan ban san yadda aka yi ba, bakina ya ƙwace. Ba maganar wata da taurari da na shirya a hanya ba ce ta fito. Na ce ma'anarta ita ce tun da aka tafi da ita ban ci abinci na ji ɗanɗanonsa ba. Na ce turminta na nan inda ta jingine shi, na hana a taɓa. Na ce yaron nan nawa ne, sau ɗaya na ga fuskarsa amma har yau in na rufe ido ina ganinta. Na ce na ɗinka masa riga bai sa ba, tana cikin akwatin kekena, kullum sai na buɗe na duba. Na ce ranar ta'aziyya na yi shiru ne don an ce haka ake yi, amma da na koma na rufe zaure na yi kuka har maƙogwarona ya dushe. Ina faɗa ina hawaye, a gaban surukina, a gaban dattijan Tarauni. Ɗayansu ya kau da kai yana salati. Ban kai ƙarshe ba, daga bayan asabarin aka ji wata 'yar shessheƙa, sai sawun gudu zuwa cikin gida.

Malam Hamza ya dubi asabarin. Can ya ɗauki carbinsa.

"Duk wannan a cikin kalma ɗaya? Lallai Turawa sun iya taƙaitawa. Ku tashi ku tafi, za ku ji daga gare ni."

Kawu bai yi mini magana ba har muka wuce Daurawa, nan ma abin da ya ce shi ne ba zai ƙara raka ni ko'ina ba, kuma bai ƙara ba. Kafin mu iso gida labari ya riga mu. Washegari ina buɗe zaure wani mai jaki ya wuce ya ce, "Malam Dalin, an tashi lafiya?" Shi ke nan suna ya zauna. Dattijan da ke zaman hira a bencina suka ɗauke ƙafa, suka ce ba a zama da wanda ya yi kuka a gaban surukinsa. Wanda ya fi yi mini ciwo shi ne na Inna. Ta daina amsa gaisuwata sai da ka, har aka gama kai amfanin gona gida. Ban ga laifinta ba. Na yi abin da ta roƙe ni kada in yi, na kuma tona mata wani tsohon ciwo da ta rufe shekara da shekaru. Sai da aka haifi babbarku, ta karɓe ta a hannu, sannan ta sake kiran sunana yadda ta saba.

Duk da haka in na waiwaya godiya ce ke cika mini ciki. Ina gode wa Mista Daniyel da ya zauna ya yi wa tela bayanin kalma kamar wani abu mai muhimmanci. Ina gode wa Madam da ta taka har Tarauni a kan abin da bai shafe ta ba. Bayan 'yan shekaru aka mayar da garejinsu wani gari, suka tafi, ban sake jin ɗuriyarsu ba. In suna raye Allah ya saka musu, in jikokinsu ne suka rage Allah ya haɗa su da maƙwabta irinsu. Ina kuma gode wa kakanku Malam Hamza. Na zauna da shi shekaru masu yawa bayan wannan, na ga mutum ne da ke jin motsin akuya a bayan gida yana zaune a zaure. Kunnensa lafiya lau yake. Ba don kansa ya ce in ɗaga murya ba.

Ba a yi mako da zuwanmu Tarauni ba, da hantsi ina kan keke, sai ga gwaggon Zulai ta yi sallama, Zulai na biye da ita a lulluɓe. Ta wuce ta zauren ko kallona ba ta yi ba. Na ci gaba da taka keke, sai daga baya na lura babu zare a allurar. Da azahar, bayan gwaggon ta tafi, ta fito da akushi da kanta ta ajiye a gabana. Ba ta koma ba. Ta tsaya tana kallon akwatin keken.

"Ina rigar?"

Na buɗe na miƙa mata. Ta warware ta, ta shafa wuyan da yatsa, ta ce ta yi masa yawa, ai ɗan ƙarami ne. Ta zauna a bakin bencin ta rungume ta, muka yi kukanmu tare, wanda ya kamata mu yi tun tuni. Da ta share ido sai ta dube ni, karo na farko tun dawowarta.

"Wannan kalmar ta Turanci, ka mayar wa Madam abarta. Har kare ake faɗa wa."

"To me zan riƙa cewa?"

"Abin da ka faɗa wa Baba. Da Hausa." Ta gyara mayafinta. "Rabinsa kawai na ji, na gudu. Fara daga wurin turmin."

Na ture keken gefe na fara. Tuwon ya huce a akushi, ba wanda ya taɓa shi.